Ina Baƙo Zai Sauka a Alƙahira?

Gabatarwa

A kowace shekara mutanenmu da yawa suna tafiya Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar. Wasu neman magani ke kai su, wasu fatauci, wasu karatu a Azhar ko wata jami'a, wasu kuwa ya da zango kurum suke yi a kan hanyarsu ta zuwa wata ƙasa. In ka tari ɗaya daga cikinsu bayan ya komo gida, ka tambaye shi labarin gari, galibi abu uku za ka ji daga bakinsa, watau cunkoson motoci, da farashin kaya a kantuna, da hoton da aka ɗauke shi bisa raƙumi a gaban dalar Giza. In ka matsa masa da tambaya game da ganuwar birnin, ko makarantunsa na dauri, ko inda malaman da muke karanta littattafansu suka zauna, sai ka ga ya yi zuru. Mutum ya kashe kuɗin jirgi da na biza, ya kwana goma ko ashirin a birnin da ya haura shekara dubu da kafuwa, ya komo da akwati cike da tsaraba, amma ba shi da labarin da zai ba ɗansa.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, masauki ne babban abin da ke jawo wannan hasara. Inda baƙo ya sauka shi ke yanke masa abin da zai gani, domin ido ba ya wuce inda ƙafa ta kai shi. Saboda haka ina ganin duk ɗalibi ko malamin da Allah ya nufa da zuwa Alƙahira, ya kamata ya nemi masauki kusa da tsohon birni, ya keɓe masa kwanaki na musamman, ya taka shi da ƙafa, sa'an nan daga baya ya je kallon dala da sauran abubuwan da kamfanonin yawon buɗe ido suke talla.

Masauki a Idon Mutanen Da

Kakanninmu fatake sun san darajar masauki. In ayari ya iso gari, abu na farko shi ne a nemi fatoma. Bayan ɗakin kwana, fatoma ne zai adana wa baƙo kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya koya masa gaisuwar mutanen gari da abin da suke ƙi. Watau dai ta hannun mai masauki baƙo ke shiga gari. Har yau a cikin birnin Kano akwai unguwar da ake kira Alfindiki, sunan kuwa ya samo asali ne daga funduƙ, kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake, ita ce kuma Larabawa ke kiran hotal da ita a yanzu.

Mutanen Alƙahira ma a kan wannan tunani suka tsara birninsu. Suna da wani irin gini da suke kira wikala ko han, wanda ke da tsakar gida mai faɗi, a ƙasa ɗakunan ajiyar kaya, a benaye kuma ɗakunan kwana. Wanda ya fi shahara cikin waɗanda suka rage shi ne wikalar Sarki Ƙansuh al-Guri, wadda aka gina a 1504 zuwa 1505, taku kaɗan daga masallacin Azhar. Kasuwar nan ma ta Hanul Halili da kowane baƙo ke zuwa sayen tsaraba, sunanta ya fito ne daga wani masauki irin wannan da wani basarake mai suna Jarkas al-Halili ya gina a shekarun 1380. Falke ya kwana a bisa kayansa, in ya sauko ga kasuwa a bakin ƙofa, ga masallaci, ga makaranta. Ko bai yi niyyar sanin gari ba, dole ya san shi.

Masu neman ilmi daga nahiyarmu su ma a tsakiyar gari aka sauke su. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ba da labarin cewa mutanen Kanem sun ba wani alƙali Bamalike mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makaranta a Fusɗaɗ a shekarun 1240, ta zama masaukinsu in sun zo. A Azhar kuma an raba ɗalibai baƙi zuwa sassa da ake kira ruwaƙi, kowace al'umma da nata wurin kwana da karatu, cikinsu har da ruwaƙin Barnawa. Daɗin daɗawa, malamin nan na Katsina, Muhammadu ibn Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi fice a ilmin hisabi da taurari, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti ya sauka, a nan kuma ya rasu a 1741. Ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, ya kuma sa labarin Bakatsinen a littafinsa. Ashe masaukin kirki har sunan baƙo yakan adana.

Inda Baƙi ke Sauka a Yau

Alƙahira ta yau, in an haɗa da kewayenta, tana da mutum fiye da miliyan 20, kuma wuraren saukar baƙi sun kasu kamar kashi huɗu. Kashi na farko shi ne unguwannin da ke wajen filin jirgin sama, irin su Misrul Jadida da Madinatu Nasr, inda ake samun gidajen haya da manyan kantuna, inda kuma ɗalibai da yawa daga ƙasashen Afirka suke zaune. Na biyu shi ne Duƙƙi da Muhandisin a yammacin kogin Nilu, inda ake hayar gida da kayan ɗaki a ciki, masu jinya kuma suna son wurin saboda kusancinsa da asibitoci. Na uku shi ne manyan hotal-hotal na bakin kogi da na gindin dala. Wasunsu ma su kansu abin kallo ne, alal misali wanda ke tsibirin Zamalik, da aka gina shi kewaye da fadar da Hidiwi Isma'ila ya yi a 1869 domin baƙin bikin buɗe mashigin Suwes, ko kuma Mena House da ke fuskantar dala. Na huɗu shi ne Wusɗul Balad, watau tsakiyar gari, tsakanin dandalin Tahrir da Ataba, da kuma 'yan ƙananan masaukai da ke kewaye da masallacin Husaini.

Kowane kashi yana da amfaninsa, amma ga mai son ganin gari na huɗun nan ya fi. Dalili kuwa shi ne tazara. Daga gindin dala zuwa Azhar kusan kilomita 20 ne, a cikin cunkoson Alƙahira kuwa wannan tafiya takan ci awa guda ko fiye. Wanda ya sauka nesa dole ya dogara da direban tasi ko ɗan jagora, su kuwa sun fi son su kai shi shagon turare ko na zane-zanen takardar gargajiya, inda suke da la'ada a kan duk abin da ya saya. Sai a leƙa da shi tsohon birni na awa biyu da rana tsaka, lokacin zafi da hayaniya, a komar da shi ɗaki a gajiye. Wanda ya sauka a tsakiyar gari kuwa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a ƙafa za ta kai shi Azhar. Yana iya fita bayan sallar asuba, sa'ad da lunguna ke shiru, ya karya kumallo da dafaffen waken da suke kira ful da ƙosansu mai suna ta'amiyya, ya koma ya huta da rana, ya sake fitowa da la'asar. Ga kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne irinsa na farko a Afirka, kuɗinsa kaɗan ne, akwai kuma taragon da aka keɓe wa mata.

Abin da Ƙafa za ta Nuna wa Baƙo

Me ke cikin tsohon birnin nan da ya cancanci wannan wahala? Faɗimawa ne suka kafa shi a 969, suka fara ginin Azhar a 970, aka buɗe shi da salla a 972. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1979. Ƙashin bayansa shi ne titin Mu'izzu, wanda ya tashi daga ƙofar Futuh a arewa ya ƙare a ƙofar Zuwaila a kudu, tsawonsa kimanin kilomita ɗaya. An gina ƙofar farko a 1087, ta biyun a 1092, dukansu da dutse, suna nan tsaye har yau. Duk wanda ya tashi a garin da ke da ganuwa, in ya tsaya a gindin waɗannan ƙofofi ba ya bukatar tafinta.

A kan wannan titi akwai ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, wanda ya haɗa makaranta da ƙubba da asibiti wuri guda. Akwai kuma wani ɗan gini na 1744 na Abdurrahman Kathuda, a ƙasa wurin raba ruwan sha sadaka, a sama makarantar allo ta yara. A wani lungu kusa da nan akwai gidan Suhaimi da aka fara ginawa a 1648, mai tagogin katako sassaƙaƙƙu waɗanda ke shigo da iska, na ciki ya ga na waje, na waje bai ga na ciki ba. Ɗalibin al'ada zai ga yadda wata al'umma ta warware matsalar da mu muka warware da zaure da shigifa. Waɗannan lunguna na Jamaliyya su ne Najib Mahfuz ya gina labaransa a kansu, har ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1988.

In mutum ya fita ta ƙofar Zuwaila zai shiga rumfar masu ɗinkin tanti, inda har yau ake yanka ƙyalle a ɗora bisa ƙyalle a yi ado da hannu. Ya ci gaba kudu zai ɓulla makarantar Sarki Hasan, wadda aka gina tsakanin 1356 da 1363, aka yi wa kowace mazhaba daga cikin huɗun nan sashenta. A bisa tudu kuma ga Ƙal'a, watau sansanin da Salahuddini ya fara ginawa a 1176, daga can ana hango gari duka. Yamma da nan akwai masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke kewaye ta daga waje. Can kudu a Fusɗaɗ ga masallacin Amru ɗan Asi, wanda aka aza harsashinsa wajen 641, kusa da shi kuma ga tsofaffin majami'un Kiristoci Kibɗawa da wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra, duk a unguwa ɗaya, kuma jirgin ƙasa yana sauke mutum a bakinsu a tashar Mar Jirjis.

Akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Littattafai da dama da ake karantawa a zaurukan malamanmu a waɗannan lunguna aka rubuta su. Shaihu Halilu ɗan Ishaƙa, mai Muhtasar, a Alƙahira ya rayu a ƙarni na 14, ya kuma koyar a makarantar Shaihuniyya da ke titin Saliba, a kan hanyar zuwa masallacin Ibn Ɗulun. Tafsirin Jalalaini da muke ji kowane watan azumi, malamai biyu ne na wannan birni suka rubuta shi, Jalaluddini Mahalli da ɗalibinsa Jalaluddini Suyuɗi. Shi Suyuɗi ya aika wa sarakunan ƙasarmu wasiƙar nasiha, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas. Ya rasu a 1505, aka binne shi a maƙabartar Ƙarafa, inda ƙubbar Imamu Shafi'i take. To, ina amfanin ɗalibi ya yi shekaru yana jin sunayen waɗannan malamai, ya je garinsu, ya komo bai taka unguwarsu ba?

Dala da Gidajen Tarihi

Kada wani ya ɗauka ina rage darajar dala. Babbar dalar Giza ta Fir'auna Kufu ta yi kimanin shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali kuwa ya kai mita 146. Kusa da ita aka gina sabon babban gidan tarihi, wanda aka yi bikin buɗe shi a watan Nuwamba 2025, a can aka tara kayan kabarin Tutankamun da aka gano a 1922, sun fi guda 5,000. Tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, shi ma yana nan. A watan Afrilu 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, aka kai su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Gidan kayan fasahar Musulunci na Babul Halƙ kuwa, wanda bam ya lalata a 2014, an gyara shi an sake buɗewa a 2017.

Abin da nake cewa shi ne, dala da gidan tarihin da ke kusa da ita aikin yini ɗaya ne ko biyu, ana iya zuwa daga tsakiyar gari da sassafe a komo da yamma. Tsohon birni kuwa ba ya ganuwa a yini guda, domin wuri ne da mutane ke zaune a ciki, kamanninsa na asuba daban da na azahar, na daren Jumma'a daban da na sauran darare. Hankali ya nuna a sauka kusa da abin da ke bukatar a yi ta komawa gare shi, a kai wa ɗayan ziyara.

Hanzarin Masu Hanzari

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Na farko zai ce shi jinya ta kai shi, dole ya zauna kusa da asibiti. Wannan gaskiya ne, lafiya uwar jiki, ba wanda zai ce majinyaci ya bar likitansa ya je hawan hasumiya. Amma sau da yawa akwai ɗan rakiya, akwai kuma kwanakin jiran sakamakon gwaji da ake ɓatarwa a gaban talabijin. Yini biyu daga cikinsu sun isa a ga titin Mu'izzu da Azhar.

Na biyu zai ce masaukan tsakiyar gari tsofaffi ne, ga hayaniya, ga masu talla da ke damun baƙo. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Yawancinsu a benayen tsofaffin gine-gine suke, wani lif ɗinsa ya tsufa, wani tagarsa na kallon titin da ba ya barci. Maganin wannan shi ne mutum ya nemi a nuna masa ɗaki kafin ya biya, ya zaɓi wanda ke kallon baya, ya daidaita farashin duk wani abu kafin ya karɓa, ya kuma koyi yadda ake cewa a'a da fara'a. Mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara yana iya zaɓar hotal mai kyau a bakin kogi kusa da Tahrir, har yanzu dai yana kusa. Wanda kuma ke neman ɗaki mai sanyi da shiru kawai, ai da ya zauna gida ya huta da kuɗin jirgi.

Na uku zai ce kuɗin shiga wuraren nan ya yi yawa, tun da yake baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Haka ne, amma akwai rangwame ga mai katin shaidar ɗalibta na ƙasa da ƙasa, masallatai da yawa kuma ba a biyan kome a shiga, tafiya a titi ma kyauta ce. Abin da mutum ya rage a kuɗin ɗaki da na tasi ya isa ya biya masa kuɗin ƙofa.

Na huɗu zai ce yawon kallo aikin marasa aikin yi ne, ko kuwa ya ji ƙyamar kallon gumaka da gawarwakin Fir'aunoni. Amsa ita ce, malamai sun daɗe da nuna mana cewa duba kufan al'ummun da suka shuɗe hanya ce ta wa'azantuwa. Wanda ya tsaya a kan gawar sarkin da ya mallaki Nilu, ya gan shi a ƙanjame cikin akwatin gilashi, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi game da mulki. In kuwa zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, makarantu da masallatan tsohon birni kaɗai sun ishe shi kallon mako guda.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Tun daga 2020 aikin faɗaɗa hanyoyi ya ci wasu sassan maƙabartar Ƙarafa, aka rushe kaburbura da gine-ginen da suka daɗe, masana tarihi na Masar da na waje suka yi ta kuka. Abin da mutum ya ce sai wani zuwan, mai yiwuwa ne ya komo ya tarar da kwalta a wurin.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe da adabi muna da wani nauyi na daban a wannan al'amari. Labaran tafiye-tafiye ba su da yawa a rubutun Hausa. Muna da labarin Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, Schön ya rubuta shi daga bakinsa. Muna da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya biyo bayan tafiyarsa Ingila a 1943, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Waɗannan mutane sun tafi a lokacin da tafiya ke da wuya, suka buɗe ido, suka komo da abin da muke nazari a aji. Yau masu tafiya sun ninka na da nesa ba kusa ba, amma abin da ake rubutawa bai taka kara ya karya ba. Mutum ba ya rubuta abin da bai gani ba, ba ya kuwa gani daga tagar tasi.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu ita ce, in tafiyar ta kama, a karanta tarihin wurin kafin a tashi, a zaɓi lokacin sanyi tsakanin Nuwamba da Maris in da hali, a sauka inda ƙafa za ta kai mutum Azhar, a keɓe wa tsohon birni aƙalla kwana uku. A riƙe ɗan littafi a aljihu, a rubuta abin da aka gani kowane dare, a yi ƙoƙarin samo wa kowane abu sunansa da Hausa tun ana tsaye a gabansa. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya kan Alƙahira ba, haka take a Fas ko Istambul ko wani tsohon birni. In an komo, a kawo wa wannan mujalla labarin, domin waɗanda ba su sami zuwa ba su ma su amfana. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma sai an je inda abin yake. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.